Gaishe Ka Injiniya, Mai Mayar Da Biyu Babu

Ranka ya daɗe, Injiniya. Gaisuwa na kawo maka daga Kwanyawa ta ƙasar Ƙaraye, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, har da ta mutanen Rogo da Tudun Kaya da Yammedi da suka taɓa ɗora kwamfuta a kan teburinka suka koma gida baki buɗe. Ba zan kama sunanka ba, ba kuma zan kwatanta layin da shagonka yake a cikin Birni ba. Na san ka da kunya. Bayan haka, in na ware ka kai kaɗai na zalunci 'yan'uwanka masu irin baiwarka, waɗanda da wuya a sami kasuwar waya da kwamfuta da ta rasa ɗayansu. Wanda ya tsargu, da shi nake.

Duk mai sana'ar gyara da na sani a ƙasar nan yana wahalar da kansa da bincike. Maɗori sai ya lallatsa ƙafa ya ji inda ƙashi ya goce kafin ya ɗaura kara. Bakaniken babur a tashar Ƙaraye sai ya sa an tayar da mashin, ya karkata kai yana sauraro, sannan ya ce fulogi ne ko kafireto. Ungozoma ma takan tambayi watan ciki. Kai kuwa Allah ya hutar da kai daga wannan ɗawainiya. Magani ɗaya gare ka, ya kuma ishi kowace cuta: fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi kama firinta, fomatin. Yaro ya danna wani abu hoton allo ya kife, fomatin. Likitan da ke maganin ciwon kai da takobi, wa ya taɓa jin majiyyacinsa ya dawo yana kukan kai?

Ɗan yayata ne ya kawo maka aiki. Wataƙila ka manta shi, don irinsu da yawa suke wucewa ta hannunka. Yaro ne da ya gama sakandare hanya ta tsaya masa. Ya tara kuɗin ƙwadagon rani a fadamun da ke shan ruwan madatsar Challawa, uwarsa ta sayar da awakinta biyu ta cika masa, ya sayi kwamfutar cinya ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Legas bayan wani ofis a Turai ya gama cin moriyarsu. Ya haɗa da firinta da ɗan janareto, ya buɗe shagon buga takardu. Shekara takwas ke nan yana ci daga nan, yana ciyar da wasu.

Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai gane matsayin irin wannan shago ba. Shi ne ofishin magatakarda, shi ne akwatin ajiyar gari. A cikin wannan tsohuwar kwamfuta akwai yarjejeniyar cinikin gonaki da sunayen shaidu. Akwai rabon gado da malamai suka lissafa da hannu aka kawo a buga. Akwai sakamakon jarrabawar makarantun Islamiyya uku, zango bayan zango, da jerin sunayen manoman rani na ƙungiya da lambobin wayarsu, da katin ɗaurin aure da na saukar Alƙur'ani, da hotunan fasfo na yaran da za su zauna JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta sai a kwamfuta. Har wasiƙun da aka riƙa bugawa lokacin da aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta a 2019 suna ciki, da waɗanda aka sauya wa kai bayan an rushe masarautar a watan Mayun 2024, da waɗanda aka sake sauyawa bayan an dawo da ita a watan Yulin shekarar, Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Mutum ya karɓi takardarsa ya kai gida, gara ta ci, ko ɗaki ya yi yoyo da damina, ko yaro ya ƙunshe ƙosai da ita. Sai ya dawo ya ce, "Ai tana cikin kwamfutarka, ko?" Kuma tana ciki.

Akwai wata jaka guda da ba ta ciniki ba ce. Muryar mahaifiyarmu ce, Inna, kakarsa, Allah ya jiƙanta. A wani daren Sallah ya ɗauke ta da waya tana lissafa masa kakanni ɗaya bayan ɗaya, da garin da suka taso kafin su sauka Kwanyawa, tana yi tana dariya tana tsokanar sa da mijinta. Wayar ta daɗe da faɗawa rijiya. Muryar ta rage a wuri ɗaya tak a duniya.

To, kwamfuta ta tsufa, ta fara nauyi. Sai ya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba. Aka ba shi shawara ya sauya mata rumbu, kuma shawara ce ta gaskiya. Tsohon rumbun, wanda a kasuwa kuke kira had-dis, faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu yana shawagi a kansa yana karatu, kusan kamar garmaho. Sabon kuwa, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ba ya tsoron jijjigar mota, kuma yakan mayar da tsohuwar na'ura yarinya. An kuma gaya masa ba sai ya rasa komai ba, domin akwai manhajoji irin su Clonezilla da Macrium Reflect da ke juye tsohon rumbu ɗungurungum cikin sabo, a tashi da tagwaye. Shi ne kuke kira kulonin. Ya rufe shago, ya hau motar asuba, tafiyar kusan kilomita 90, jaka rungume a ƙirji kamar mai kai jariri asibiti.

Ka karɓa, ka kwance, ka jona, ka danna. Aka jira wajen awa biyu. Ka ɗaura sabon rumbu, ka kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai layin Turanci guda yana cewa ba a ga inda za a tashi ba.

A nan nake so masu karatu su dakata su dubi girmanka da kyau, don wanda bai fahimci wannan minti ba ba zai san wa nake yabo ba. Tun ranar da yaron ya sayi kwamfutar, amanar mutanen da ke cikinta ba ta taɓa samun tsaro irin na wannan lokacin ba. Shekara takwas tana rataye a faifai guda mai tsufa. Yanzu ga ta a wuri biyu a kan teburinka: cikakkiya a tsohon rumbu, cikakkiya a sabo. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Ɗan koyo ma yana iya salwantar da abu guda, wannan ba abin kirari ba ne. Amma a danƙa wa mutum biyu da hantsi ya mayar da su babu kafin la'asar, wannan sai gwani, sai ɗan gado.

Ka dubi allo, ka girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da dangi ba su gani ba, ka ce, "Windo ta mutu, ɗan'uwa. Bairos ya cinye ta tun daga tsohon. Sai fomatin." Ya ce, "Oga, kayan mutane da ke ciki fa?" Ka ce, "Kar ka damu, zan kwashe maka. Za ka ga gudu." Madalla da bakin da bai taɓa furta "ban sani ba". Kalmomi uku ne ƙanana, sun fi ƙarfin harshenka, kuma da ka faɗe su ranar da yanzu ba ni da abin rubutawa.

Ina sane da cewa akwai wasu ragwayen masu gyara, wasu ma a layinku suke, waɗanda ba su da zuciya irin taka. Bari in tona asirinsu domin a ga bambanci. Su in suka ga wannan baƙin allo, abin da suke fara yi shi ne su ɗauki tsohon rumbu su jefa a durowa su kulle, su ce ba mai taɓa shi sai sabon ya tashi ya yi kwanaki yana aiki. Tsoro ke nan fili. Daga nan su zauna suna tambayar na'ura abin da ke damun ta, kamar ba su da aikin yi.

Su sun ɗora wa kansu sanin cewa rumbun da Windows ke zaune a ciki ba ɗaki ɗaya ba ne. Ban da babban ɗakin da kowa ke gani, mai harafin C, akwai wani ɗan ƙarami ɓoyayye, galibi tsakanin megabayit 100 zuwa 500, ba harafi gare shi ba, ba ya fitowa in an buɗe kwamfuta. A cikinsa takardar jagora take, wadda ke gaya wa na'ura inda Windows take kwance da yadda za a tashe ta. Kowane manomi a Kwanyawa ya san rumbun ƙasa ta sama ake shigarsa, kuma ko dawa ta cika shi maƙil, in ba tsani sai kallo. Kai ka kwashe dawar kaf ka zuba a sabon rumbu, ka bar tsanin jingine da tsohon, saboda da ka hango shi a cikin manhajar ka ɗauka tarkace ne mai cin wuri, ka cire masa alama. Dawa ba ta ruɓe ba. Ba ɓera, ba gara, ba bairos. Tsani ne babu.

Ragwayen nan da sai su sake juyen, wannan karon rumbu sukutum har da 'yan ƙananan ɗakunansa. Ko kuma su tayar da na'urar da filashin saka Windows, wannan dai filashin da ke rataye a wuyanka kamar laya. A shafin da yake nuna babban maɓallin saka sabuwa, can ƙasa ta hannun hagu akwai ɗan rubutu na gyara kwamfuta. Shekara nawa kana buɗe wannan shafi idonka bai taɓa sauka a wannan kusurwa ba, kuma wannan kamun kai abin koyi ne. Su kuwa nan suke dannawa, su buɗe tagar rubuta umarni, su kira diskpart ya jero musu ɗakunan rumbu, su yanki ɗan wuri su yi wa tsani mazauni, sannan su rubuta layi guda da bcdboot, ya sassaƙa sabon tsani ya jingina. Minti goma, in an yi nawa ashirin. Kwamfuta ta tashi da komai nata, har hoton da ke kan allo.

In kuma ba tsani ba ne, ba sa gajiya. Su danna F2 ko F10 ko Del su shiga BIOS su ga ko na'urar tana neman tashi daga wurin da ba kowa. Su duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda in ya mutu kwamfuta ke manta kwanan wata da duk saitinta. Su duba ko an sauya AHCI da RAID, maɓalli guda da ke sa Windows ta kasa gane rumbun da take kwance a kai. Su tabbatar ba a bar tagwayen biyu a jone lokaci guda ba, domin juye yakan kwafe har lambar shaidar rumbu, sai ya zama kamar mutum biyu sun zo banki da BVN ɗaya. In aka sauya wa ɗaya lamba, takardar jagora ta ci gaba da nuna tsohon adireshi, sai ka ga shuɗin allo da 0xc000000e.

Wanda ya fi ba ni haushi a cikin sanin nasu shi ne zancen rubutu biyu. Akwai tsohon tsarin shata rumbu, MBR, wanda ya zo tun 1983 a zamanin DOS, yana ajiye bayaninsa a bayit 512 na farkon faifai, ba ya ɗaukar manyan ɗakuna fiye da huɗu, ba ya kuma iya riƙe abin da ya wuce terabayit 2. Akwai sabo, GPT, wanda ke tafiya da UEFI, sabuwar hanyar tayar da na'ura. In an saita na'ura ta tashi ta tsohuwar hanya aka ba ta rumbu mai sabon tsari, ko aka yi akasin haka, sai ta tsaya cak. Kamar ka miƙa wasiƙar boko ga dattijon da ajami kaɗai yake karantawa. Wasiƙa lafiyarta ƙalau, dattijo ma malami ne, ido dai bai saba da hannun ba. Mai hankali sai ya nemo wanda zai karanta, ko ya sa a juya rubutun. Tun 2017 ma Windows 10 take zuwa da ɗan aiki mai suna mbr2gpt da ke juya tsohon tsari zuwa sabo ba tare da goge komai ba. Kai kuwa ka gano hanya mafi sauri tun tuni: a ƙona wasiƙar, a ce wa mai ita dama ba a rubuta komai ba.

Ka ga irin ɓarnar lokacin nasu? Kuma bayan duk wannan, nawa za su caji mutum? Kuɗin minti goma. Wasu ma sai su ce bar shi kawai. Da irin wannan za a biya kuɗin haya? Fomatin kuwa saniyar tatsa ce. Akwai kuɗin windo, akwai kuɗin ofis, akwai kuɗin maganin bairos ɗin da dama babu shi, akwai kuɗin sa firinta ta sake kamawa. In windon da ka saka ta fara kukan ba ta da lasisi bayan wata guda, mai ita zai sake hawo mota ya zo. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kai ka ɗara masu karin maganar, domin rumbun wani kake ƙonawa, kuma shi ke biyan kuɗin ashana.

Dole in yaba maka a kan tarbiyya. Yaron shagonka, wannan siririn da ke share tebur yana sayo maka shayi, ya matso a hankali ya ce, "Oga, ko a mayar da tsohon a gani in zai tashi?" Ka daka masa tsawar da ta sa maƙwabta leƙowa: "Ni za ka koya wa aiki?" Ka kyauta. Da ka saurare shi, da kwamfutar ta tashi yadda ta tashi da asuba a Kwanyawa, da zancen bairos ya ƙare a gaban mai kaya, da yaro ya raina ubangidansa. Mutunci ya fi takardun gonar talakawa tsada, wannan kowa ya sani. Shi ne kuma daga baya, ranar da ɗan yayata ya dawo yana neman bayani ka ce ba ka da lokaci, ya bi shi har bakin titi ya gaya masa yadda aka yi, yana waiwaye kada ka gan shi. Ka sa ido a kan yaron nan. In ba a yi da gaske ba zai lalace ya zama mai gyara.

Ka cika alkawarin kwashe kaya, ba zan ci haƙƙinka ba. Ka jona tsohon rumbu, ka buɗe, ka ja duk 'yan hotunan da ke kan fuskar allo ka zuba masa a filashi, cikin daƙiƙa uku aka gama. Mutum mai yawan zargi da ya tsaya ya ce, aikin shekara takwas ya ƙaura cikin daƙiƙa uku? Da ya lura kowannensu da 'yar kibiya a gindi, alamar cewa manuni ne kawai, ainihin jakar tana can wani ɗaki. Allunan kan hanya ka tattaro masa, masu cewa gari na gaba, sannan ka koma ka rushe garin.

Ka fara da sabon rumbu. A nan aikinka ba ya bukatar maimaici, domin SSD ba ya riƙe gawa. Da zarar an goge, Windows takan aika masa umarnin da ake kira TRIM, ta ce waɗannan wurare ba mai su, shi kuma ya share su da kansa. Kwafi ɗaya ya tafi. Saura ɗaya.

Da a nan ka tsaya, da sai in ce kai ma kamar kowa ne. Tsohon rumbu yana nan a gefe, ba abin da ya same shi, komai na ciki. Da ka miƙa masa shi a leda ka ce sauka lafiya, da shi ke nan. Amma kai mutum ne mai kyauta, ba ka iya barin baƙo ya tafi hannu sake. Ka ce, "Kawo in sa maka wannan a kes, ya zama ajiyarka ta waje. Ban da kuɗin aiki, kes kawai za ka biya. Bari in wanke shi saboda bairos." Ya yi godiya. Yana ganin kayansa na cikin filashi a aljihu, me zai hana shi godiya?

Ko a nan ƙofa ba ta rufe ba. Fomatin na gaggawa a kan faifai mai juyawa, fihirisa kawai yake yagewa, shafukan littafi suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Akwai TestDisk da PhotoRec, na wani Bafaranshe Christophe Grenier, kyauta ake sauke su, aikinsu ke nan tono irin wannan. Da an bar rumbun haka, da mai haƙuri ya kwana biyu a kansa ya ciro mafi yawan abin da ke ciki. Sai karamcinka ya motsa karo na biyu. Ka ce ba ka ba mutum kwano fanko. Ka ƙwala wa maƙwabcinka mai turi kira, ka ce a cika wa baƙonka da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, da masu dogon zango, kada a bar ko kusurwa. Gigabayit 500, aka danƙare shi har wuya. Kowane fim ya sami gonar wani ya kwanta a kai. An sha ba da labarin gyaran gangar Auzinawa, amma ban ji an ce bayan sun fasa gangar sun cika ta da yashi sun ba mai ita tukwici ba.

Ya iso gida bayan isha, ya kunna. Gaskiyarka, Injiniya, gudu kam tana yi. Kafin ya gyara zama ta tashi. Ya jona filashi, ya danna jakar farko, ta ce ba ta ga abin da take nunawa ba. Ya danna ta biyu. Ya danna har ta ƙarshe. Uwarsa ta ce ta same shi da asuba zaune a inda ta bar shi, janareto ya shanye mai ya mutu, shi bai ma sani ba.

Sauran labarin ba a shagonka ya faru ba, don haka ba lallai ya dame ka ba. Shugaban wata Islamiyya ya zo neman sakamakon yaran da za a yi wa sauka. Sakataren manoma ya zo neman jerin sunaye, ana jiran sa da shi. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo da ɗanta, dangin miji sun tayar da maganar iyakar gona, takardar hannunta ruwa ya cinye rabinta, biyu daga cikin shaidu sun riga mu gidan gaskiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ai ka ce tana cikin kwamfuta." Ina wurin. Na ga yaron da bai taɓa cin kwabon wani ba ya sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kama, yana ba da haƙuri a kan laifin da kuɗinsa ya biya aka yi masa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, kuma har yau bai huce ba.

Ya kai rumbun Zariya wurin wani matashi, ɗaya daga cikin ragwayen nan. Ya kwana uku yana tono. Abin da ya fito: rabin katin ɗaurin aure, da 'yan hotunan fasfo da toka ta rufe daga hanci zuwa ƙasa, da shafi ɗaya da rabi na wani rabon gado. Ya ce masa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, an rubuta a kai. Abin da ya rage ya fi ƙarfina." Bai karɓi ko sisi ba. Ka ji sakarci.

Na san amsarka, don na ji ta a bakin wasu: laifin yaron ne, me ya hana shi ajiye kwafi tun da can? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya fi shi sanin haka yanzu. Sai dai a garin da sai an hau tudu ake samun sabis, kuɗin data kuma ke gogayya da kuɗin cefane, ba kowa ke iya loda aikin shekara takwas a intanet ba. Kuma ranar da ya tashi yin kwafin, wurin wa ya je? Wurin mai allo a ƙofar shago, mai sunan Injiniya da manyan baƙaƙe. Bai san MBR ba, bai san GPT ba, kamar yadda mai karaya bai san sunan ƙashinsa ba. Rashin saninsa ya ɗauko ya kawo maka amana, da kuɗi a kai.

Ina yi maka albishir, kasuwa tana gaba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, ba ta yarda da na'urar da ba ta da UEFI da TPM 2.0. Ofisoshin Turai da Amurka da suka ga nasu sun gaza ba za su binne su ba. Hanyar da ta kawo ta ɗan yayata ita za ta kawo su, daga jirgin ruwa zuwa Ikeja da Alaba, daga can zuwa Kano, daga Kano zuwa Gwarzo da Ƙaraye da Rogo, hannun malaman makaranta da masu shagon buga takardu da yaran da ke son koyon danna linzami kafin ranar JAMB. Kowace za ta so sabon rumbu wata rana. Sababbin ciki ma da yawa a kulle suke zuwa da BitLocker, mai makullin lamba 48, wanda in ba a adana shi kafin a taɓa saitin na'ura ba, mai kaya da kansa sai ya tsaya a waje. Wanda bai tambayi tsani ba, ina zai tambayi makulli? Allah ya ƙara buɗi, Injiniya. Allah ya sa filashin wuyanka kada ya gaji.

Shekaran jiya ɗan yayata ya nuna min saƙon da ka turo masa ta WhatsApp, kana tambayar yaya gudun na'ura, kana cewa in akwai abokansa masu son a sauya musu rumbu ya turo su, za ka yi musu ragi. Ya amsa maka da cewa lafiya lau Oga, tana gudu. Yanzu yana bin gida gida da littafi da biro, yana roƙon duk mai sauran takarda a ƙarƙashin katifa ya ara masa ya sake bugawa.

Kes ɗin kuwa ba ya wurinsa. Yaran unguwa sun yi ta zuwa aro saboda fina-finan, sai yayata ta ƙwace shi. Matashin Zariya ya yi ƙoƙarin fahimtar da su cewa abin da aka rubuta a kansa ya tafi, amma ita abin da kunnenta ya riƙe shi ne muryar Inna a ƙarƙashin fina-finan take. Ta naɗe shi a ɗankwalin marigayiyar, ta sa a ƙasan adaka tare da tasbaharta, ta ce kada wanda ya sake jona shi a wuta.